Amsa: gudun jirgina na zubewa bayan na kunna otofailot

Ɗan'uwa, ka ce in ka taso da Boeing 737 daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina a X-Plane (manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta), ka sa 250 a gurbin IAS (inda ake sa gudun jirgi a iska), sai gudun ya yi ta zubewa har jirgin ya nemi faɗowa. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau.

Otofailot, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ba ya taɓa inji, hancin jirgi da fikafikai kawai yake sarrafawa. Mai ƙara wa inji wuta ko rage ta shi ne A/T (autothrottle), maɓallinsa daban, ka ɗaga shi zuwa ARM, wato ya zauna cikin shiri, tun kana ƙasa.

Amma zargina, da V/S kake hawa, wato tsarin da ke riƙe yawan ƙafar da jirgi zai hau a minti. Taurin kai gare shi: in ka ce ƙafa 3,000 a minti, zai yi ta ɗaga hanci ko da ƙarfin injin bai kai ba, gudun ne zai biya. Wallahi na sha wannan wahala a ɗakina nan Ƙofar Ƙaura kafin na koma LVL CHG, wani tsarin hawa na otofailot. Shi yana riƙe gudun da ka sa, hawan ya bi ƙarfin injin.

Wajen ƙafa 26,000 danna C/O, maɓallin sauya ma'aunin gudu, ka koma Mach (gudun jirgi in an gwada da na sauti), kamar 0.78. Wajen sauka kuwa, in gudu ya ƙi raguwa, buɗe birkin saman fiffike kaɗan.