Abin da ya sa masu kamun kifi a kan ƙanƙara ba sa toshe kafar iska

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗin labarin fitarka ta farko daskararren tafkin Mille Lacs da ke jihar Minesota ta Amurka tare da maƙwabcinka. Ka ce kun yini cikin tantin kamun kifi a kan ƙanƙara, hita tana ci, ruwa yana ɗigo muku daga rufi har cikin wuyan riga, amma mai tantin ya hana a rufe 'yar kafar iskar da ke sama, da kuka koma gida kuma ya ƙi ajiye tantin a naɗe, sai da ya baza shi a gareji. Kana tambaya ko wannan al'adarsu ce kawai ta mutanen Minesota, kuma ko zai zama rashin ladabi idan ka roƙe shi ya rufe kafar a fita ta gaba.

Al'ada ce, amma tana da tushe, kuma ina so ka riƙe ta kamar yadda suka riƙe ta. Ruwan da ya ɗigo maka bai ratso ta rufi daga waje ba, a cikin tantin aka haife shi, kuma wutar da kuke jin ɗuminta ita ce ta fi kowa samar da shi. Gas ɗin furofen da waɗannan ƙananan hitoci suke ƙonawa, idan ya haɗu da iska ya ci, yakan rikiɗe ya zama hayaƙi marar ganuwa da tururin ruwa, kuma kowane kilo ɗaya na gas yana haifar da kusan kilo 1.6 na ruwa. Ƙaramar tukunyar gas ɗin nan mai nauyin gram 450 da ake ɗaura wa hita tana sakin ruwa kusan kashi uku cikin huɗu na lita. Tanti mai faɗin mita biyu ta kowane ɓangare kuwa, ko da ɗuminsa ya kai digiri 20, iskar cikinsa ba ta iya riƙe fiye da gram 140 na ruwa. Ka ga tukunya guda ta ninka abin da ɗakin zai iya ɗauka sau biyar, tun ba a lissafa numfashinku ba, da tururin shayi, da dusar ƙanƙarar da kuka shigo da ita a takalma, da ramukan da kuka huda waɗanda ruwan tafki yake buɗe a cikinsu. Rarar dole ta nemi masauki, sai ta sauka a kan abin da ya fi sanyi, wato yadin rufi da sandunan ƙarfe, kamar yadda kofin ruwan sanyi yake gumi a lokacin bazara. Idan sanyin waje ya tsananta, gumin yakan daskare ya yi fari a jikin yadin, da an ƙara wuta kuma ya narke ya zubo a kan mutane.

Na san abin da zuciyarka take raya maka, domin ni ma ta raya mini haka: yaya za a yi maganin laima da iskar da ta taso daga kan ƙanƙara? Iska mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili ba ta ɗauke da ruwan da ya wuce kusan gram ɗaya a duk sararin da ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, saboda haka idan ta shigo ta ɗumama sai ta zama busasshiya ƙwarai, ta fi iskar hunturun da take fasa mana leɓe a gida bushewa, ta kwashe laimar ta fice da ita. Shi ya sa waɗanda suka ƙware suke barin kafa biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kuma ba sa tara dusar ƙanƙara a gindin tanti har ta toshe ko'ina. Wasu suna rataya 'yar fanka mai batir a rufi domin ta sauko da zafin da ya taru a sama, suna shimfiɗa soso a ƙasa don kada ƙanƙarar ta narke ta yi caɓi.

Sai dai jiƙewar riga ƙaramar magana ce. A shekarata ta biyu a ƙasar nan sanyi ya sa na cusa safar hannu a kafar tantin da muke ciki, ban gaya wa kowa ba. Bayan wani lokaci sai ciwon kai ya kama ni tare da jiri da wani irin barci mai nauyi. Wani dattijo da muke tare ya lura da yadda rufin yake zubar da ruwa fiye da ƙima, ya ɗaga kai ya ga safar, ya fizge ta, ya fitar da mu waje, kuma ya yi mini faɗan da har yau nake gode masa. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200. Ita ce gubar da take hallaka mutane a gida idan suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Hanyar da laima take fita ita ce hanyar da gubar take bi, don haka idan ka ga ɗigon ya ƙaru, ka ɗauka iskar ɗakin ta tsaya. Amma kada ka dogara da wannan alama kaɗai. Manyan ɗakunan katako masu taya da ake ja zuwa tsakiyar tafki a kwana a ciki, yawancinsu suna da hita mai bututun da yake fitar da hayaƙi waje, shi ya sa sun fi bushewa, duk da haka masu hankali ba sa kwanciya sai sun rataya na'urar da take ƙara idan gubar ta taru.

Batun baza tanti a gareji kuwa kula da dukiya ne. Yadin da aka naɗe da laima yakan yi fumfuna da wari, zif ɗinsa ya daskare ya tsage, sandunansa su yi tsatsa, kuma a fita ta gaba tsohuwar ƙanƙarar da ke jikinsa ce za ta fara zubo muku tun kafin ku jefa ƙugiya.

Saboda haka kada ka roƙe shi ya rufe, kuma kada ka taɓa kafar ko hitar wani ba da izininsa ba, domin a wurinsu mai tanti shi ne mai ɗaukar nauyin ran duk wanda ya shiga. Idan sanyi ya dame ka, ka ƙara riga mai hana ruwa, ka kakkaɓe takalmanka kafin ka shiga, ka dafa shayinka a gida ka zuba a fulas. Da kun dawo kuma ka kama masa shanya tantin ba tare da ya nema ba. Na'urar gano gubar nan ina da guda biyu, zan aiko maka da ɗaya kafin Asabar, ka sa mata sabon batir ka tafi da ita.

Ka gaishe da mutanen gida.

Kawunka.