Kun Tambaya, Mun Amsa: Ga Jari, Ina Sana'ar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kwashi adashi, ina so in fara sana'a a cikin gida, amma kowa na tambaya da irin shawararsa. Yaya zan gane wadda za ta karɓe ni? (Wata uwargida daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Kafin ki taɓa kuɗin nan, ki samu ɗan littafi, ki yi mako 2 kina rubuta duk abin da ake aiken yara su sayo daga gidanki da na maƙwabta, da inda suke zuwa kafin su samu. Abin da ya fi yawan fitowa, kuma sai an tsallaka titi ake samunsa, shi za ki fara dubawa. Mai ce miki "kaza na kawo kuɗi" labarin unguwarsu take ba ki.

A ce awon wake ne ya fito. Ranar da kasuwa ke ci, ki je ko ki tura amintacce ya ji farashi a wurin dillalai 3 aƙalla. A zura hannu tsakiyar buhu, don na sama yakan fi kyau. A ciji ƙwaya ɗaya: in ta ce ƙaras ta bushe, in ta lotse da sauran danshi, zai yi fumfuna.

Sai lissafi, inda yawanci ake faɗuwa. Babban buhu ana ɗaukarsa kwano 40 ne, amma kada ki raba kuɗinsa gida 40. Kafin a sheƙe, a tsince tsakuwa, ga gyara da kowace mai saye za ta nema, kwano 2 sun tafi. Ki haɗa kuɗin buhu da na dako da na mota da na leda, ki raba gida 38. Wannan ce uwar kuɗin kwano ɗaya. Idan ta kamo farashin mai shagon bakin layi, ki haƙura ki duba abu na biyu a littafinki.

In za ki ajiye na kaka, ki nemi buhun PICS, mai leda 2 a ciki. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, rashin iskar ne ke kashe ƙwari. Ɓera ya huda shi, aikin ya ɓaci, don haka a ɗora kan katako nesa da bango. Ki fara da kashi 1 cikin 3 na jarin, kuma waken tuwon gida ma a biya kuɗinsa.

Tambaya: Dole ne sai na yi rajista kafin in fara? Wani a WhatsApp ya ce in tura kuɗin fom zai samo mini tallafi. (Wani matashi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, mai tebur a ƙofar gida zai iya farawa haka nan. Rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana zama tilas ne in za ka buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Abinci, abin sha ko sabulu da za ka ƙulla da tambari ka kai shaguna kuwa, sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Maganar tallafi da horo, ka taka da ƙafarka zuwa ofishin SMEDAN na jiharku, hukumar ƙananan sana'o'i da aka kafa a 2003, ka tambaya. Kada ka tura wa mutumin nan ko sisi, kuma kada ka ba shi BVN ɗinka ko lambar sirrin da banki ke turo maka a waya.