Famfon Sola da Kwamfuta Mai Jinkiri: In Sayi Babba Ne?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniya ne daga Auyo. Na haɗa wa babana famfon sola da tanki a gonarsa ta rani, na ɗora tsarin MPC, wato dabarar sarrafa na'ura da kwamfuta, mai hasashen rana da buƙatar ruwa. Amma 'yar kwamfutar tana daɗewa kafin ta gama lissafi. In sayi babba ne?

Amsa: Ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Dakata da kashe kuɗi tukuna.

MPC kan hango gaba, ya tsara jerin matakai, ya aiwatar da na farko kawai, sannan ya sake lissafi. A matatun mai ya fara aiki a shekarun 1970, inda komai ke tafiya sannu. Tankinka kuwa ba ya bin miƙaƙƙen layi: sai zurfin ruwa ya ninku huɗu kafin abin da ke fita ta bututu ya ninku biyu, kuma famfon ba ya motsi sai rana ta yi ƙarfi. Wannan karkacewar ce ke sa lissafin kai da komo.

Zargina shi ne kowane zagaye na lissafi daga farko kwamfutar take somawa. Kada ka bari. Ɗauki amsar ɗazu, cire matakin da aka aiwatar, matso da sauran gaba, ka fara daga nan. Mai ban-ruwa ba ya sake jan fangali kowace safiya, inda ya ɓalle yake toshewa. A farkon shekarun 2000 wani masani mai suna Moritz Diehl da abokan aikinsa sun nuna cewa gyara ɗaya tak a kowane zagaye kan wadatar, kuma ana iya yin mafi yawan lissafin kafin sabon awo ya iso. Manhajar acados, wadda kyauta ce, tana yin wannan.

Sai lokaci. Tanki ba ya cika cikin daƙiƙa, minti 10 tsakanin zagaye ya isa. Hango awa 12 a haka matakai 72 ne. Bar awar farko da matakai 6, sauran awa 11 kowace mataki ɗaya, sun koma 17.

Akwai masu yin lissafin duka tun a gida su zuba a jadawali, amma jadawalin kan kumbura da sauri, ban so maka shi ba.

In 'yar kwamfutar da ake kira Arduino Uno R3 ce a hannunka, ma'ajiyar aikinta kilobait 2 ce kacal, nan kam sai ka koma Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta da ta fi ta ƙarfi. Kuma ka sa makunni mai yawo a kan ruwa wanda zai kashe famfo in tanki ya cika, ko da kwamfutar ta tsaya, kada Baba ya tarar albasarsa ta sha ruwa ta ruɓe.