Amsa: Zanen bugu daga tatsuniyoyin Finlan da Estoniya, daga ina zan fara?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce ka ga zanen bugu na mutanen Finlan da Estoniya ya burge ka, kana so ka gwada a lino, wato allon roba mai laushi da ake sassaƙawa a buga, amma baka san ta ina zaka kama ba. To ni dai shawarata kar ka fara da kwafar alamominsu, fara da duhu tukuna.

Lokacin da nake karatu a Tallinn, babban birnin Estoniya, na gane haka. A watan Disamba ƙarfe uku da rabi na yamma rana ta faɗi, daji baƙi ƙirin, sai dusar ƙanƙara da farin ɓawon bishiya kawai ke ɗan haske, to idon mai zanen can a haka ya tashi. Shi ya sa Kaljo Põllu, mai zanen bugu ɗan Estoniya wanda ya rasu a 2010, ya riƙe salon bugun da ake kira mezotint. Farantin tagulla ake bi da wani ƙarfe mai haƙora ana jijjiga shi ta ko'ina har ya yi kaushi gaba ɗaya, in ka buga a haka baƙi zalla zai fito, sai kuma ka dawo kana kankarewa kana gogewa a inda kake son haske. Wallahi jijjigar nan kaɗai sai ta kashe maka wuyan hannu kafin ka zana komai. Nemi jerin aikinsa Kodalased na shekarun 1970 ka gani. Kuma mutumin ba a ɗaki ya zauna ba, daga 1978 ɗalibai yake kwasa suna zuwa wajen ƙabilun Fino-Ugrik na cikin Rasha, wato dangin mutanen Finlan da Estoniya ta wajen harshe.

Labaran kuma sai ka karanta. Kalevala, kundin waƙoƙin tatsuniyar Finlan da Elias Lönnrot ya tattara daga bakin mawaƙan Kareliya, ta fito 1835 aka faɗaɗa ta 1849, a ciki ne agwagwar ruwa ta yi ƙwai a gwiwar Ilmatar, wata aljanar iska, ƙwan suka fashe, ƙasa da sama da rana da wata suka samu. In baka san wannan ba sai ka zana agwagwa kamar ta bayan gidanku. Haka dabbar beya, ƙabilun Khanty da Mansi na Siberiya har biki suke mata in an kashe ta, ba abin ado bace a wajensu, a taɓa ta da ladabi. Gallen-Kallela, mai zane ɗan Finlan, ma ya sassaƙa faɗan Sampo, wani abin tsafi mai kawo arziki a Kalevala, a katako, amma ni nashi ya cika hayaniya, ra'ayina ne dai.

A lino naka abin da ka sassaƙe shi ne fari, don haka ka danne zuciyarka, bar mafi yawan allon ba ka taɓa ba, layi biyu uku sun isa su zama ruwa. Tawada kar ka labta, siririya, in babu injin matsewa bayan cokali ya wadatar in takardar bata da kauri. In ka buga na farko ka ɗora mana hoton nan mu gani.