Ga ɗalibin likitanci da marasa lafiya ba sa sakin jiki da shi

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce kun shiga aji huɗu, an fara tura ku ɗakin marasa lafiya ɗaukar tarihin ciwo, amma mutane suna ɗari-ɗari da kai, wasu su ce babban likita suke jira. Na daɗe ina zagaye da ɗalibai a asibitin koyarwa, kuma wannan kukan ba baƙo ba ne.

Kana da abin da babban likita ba shi da shi: lokaci. Shi zai tsaya minti kaɗan a bakin gado, a yi ta Turanci a kan mutum, a wuce. Kai ka dawo bayan an watse, ka ja kujera ka zauna, ka ce, "Baba, sannu da jiki. Ka ji abin da aka ce ɗazu?" Ka bayyana masa iya abin da ka tabbatar, sauran ka ce za ka tambayo, kuma ka tambayo ɗin. Washegari shi zai fara nemanka.

Ka faɗi gaskiya cewa kai ɗalibi ne, ka nemi izini kafin ka taɓa jikinsa. Idan mace ce, lallai ma'aikaciyar jinya ta tsaya kusa, a ja labule.

Wajen tambaya kuwa sai da haƙuri. Mutanenmu suna da kunya da kawaici. Za ka ga dattijuwa tana numfashi da ƙyar amma ta ce maka da sauƙi. Wata ba za ta ambaci sunan ɗan fari ba, wata ba za ta ƙirga ɓari ko 'ya'yan da suka rasu ba sai ka tambaya a hankali, kuma ba a gaban suruka ba. Maganin gargajiya da na kemis ma haka: in ka ɗaure fuska, za a ce ba a sha komai ba, alhali mai ciwon ƙoda ne kuma amsar tana da muhimmanci ƙwarai. Ni dai cewa nake, "Kafin ku zo, me aka gwada a gida?"

Kada ka raina mai jinya. Shi ke kwana a wurin, shi ke neman kuɗin gwaji da magani. In aka rubuta gwaji ba a yi ba, ka ja shi gefe ka tambayi dalili cikin sirri, sannan ka sanar da likitan da ke kula da gadon, domin a zaɓi gwajin da ya fi gaggawa a fara da shi.