Tambayi Goggo: yadda ake tsintar na kirki a gwanjo

Tambaya: Salamu alaikum Goggo. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Maruwa, kuɗin da ake turo min daga gida ba su da yawa shi ya sa gwanjo nake shiga, amma kullum ni ce mai kwaso tarkace, ƙawayena su fito da kaya kamar na butik ni kuwa wanki biyu riga ta saki jiki. Don Allah ta ina suke bi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Wajen da kike zuwa nan suke zuwa, sun dai riga ki ne. Kayan da kika gani an baza a leda da azahar ana ihun a zo a kwasa, ai an riga an tace su tun da safe, masu butik su ne ke tsaye a kan mai kaya lokacin da zai yanke ɗaurin dila, su kwashe zaɓin farko su je su wanke su goge su rataye a hanga su ninka kuɗi. To ki samu mai gwanjo ɗaya ki riƙe shi, ki gaishe shi ko ranar da ba ki sayen komai, ki tambaye shi yaushe zai buɗe dila, dilar me kuma, don ba a haɗe suke zuwa ba, ta rigunan mata daban ta jins daban ta yara daban. Ku a Maruwa Litinin ce babbar ranar kasuwa, kada ki bari rana ta yi.

In kin ɗauki riga kada ki tsaya kallon gabanta. Juya ta ciki waje, ki ɗaga ta saitin rana, in zaren ya sirance ko akwai 'yar huda nan take haske zai nuna miki. Duba hammata da wuya, wando kuwa tsakanin cinyoyi nan yake fara mutuwa. Ja zif sama da ƙasa, ja robar ƙugu ki saki ki ga ko ta koma. Maɓalli in ya ɓace ba komai, tela zai sa miki, amma tabon mai da na tsatsa da wanda bilic ya ci ki ajiye musu abinsu ko da kyauta ne. Sannan wannan 'yar farar takardar da ke ɗinke a gefe ta ciki, wallahi ita mutane suka fi rainawa kuma ita ta fi faɗin gaskiya. In ta ce coton (auduga) ko lin (lilin) ki rungume, in ta ce polyester ɗari bisa ɗari ki tuna da Afrilu a Maruwa lokacin da zafi ke haura digiri 40, a jikinki za ki ji.

Rigar sanyi kuma ki saye ta da zafi lokacin da ba mai kallonta, kada ki jira Disamba hunturu ya shigo kowa ya ruga. Ciniki, ki tara uku ko huɗu ki taya su a dunƙule, kuma wadda ta shiga ranki kada fuskarki ta nuna.

Tambaya: Goggo barka da aiki. Daga Kusiri nake. Yayana da ke Faransa ya ce can a shagon sadaka yake sayen tufafi da araha, kuma wai kayan da muke saye nan su ne dai na sadakar. In sadaka ne me ya sa ake sayar mana? Ni abin ya tsaya min a rai.

Amsa: Yayanka bai yi ƙarya ba ƙanina. Can mutane kan zuba tufafin da suka gama da su a manyan akwatunan da ke bakin titi, ko su kai wa ƙungiyoyi irin su Emmaüs da wani limamin Kirista Abbé Pierre ya kafa a 1949, ko Oxfam a Ingila. Sayarwa ƙungiyoyin ke yi su yi aikin taimako da kuɗin. Masu kyau sosai su ake ratayewa a shagunansu, kuma kaɗan ne, ragowar sai a sayar wa kamfanoni a kilo, su tantance su matse a dila su loda a kwantena. Daga nan kuma kasuwanci ne zalla, akwai kuɗin jirgin ruwa har Duwala, ga kwastan, ga babbar mota ta ratso Ngaundere da Garwa da Maruwa har gabanku, wasu ma su haye gadar Ngeli su shiga Njamena. Mai gwanjon unguwarku da kuɗinsa ya sayi dila a rufe bai san me ke ciki ba, wani lokaci rabi tsumma ne, don haka kada ka riƙe shi a zuci.

Ni abin da ke ci min rai daban ne, ga audugarmu nan muna nomawa kamfanin auduga na Sodecoton na saye, mafi yawa a fita da ita ɗanya, sai ta dawo mana a rigar da wani ya gama sawa.

Tunda kana da ɗan'uwa can, ka sa ido a kan tsofaffin kaya, don akwai shagunan da sana'arsu kenan kuma da tsada suke sayarwa. Tsohon wandon jins Levi's 501, ko rigar ƙwallo ta asali irin ta 'yan wasanmu na Kamaru a kofin duniya na 1990, in ka ci karo da su a tsibi kada ka wuce.

Tambaya: Goggo ni uwa ce a Garwa, na sayo wa yara gwanjo ƙaramin ya fara susa, yanzu maigida ya ce kada ya ƙara ganin gwanjo a gidansa, ga yara biyar ga sallah na tafe. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Fara kai yaron asibiti tukuna, in ƙazuwa ce tana bin gida gaba ɗaya kuma kowa sai ya yi magani, in kuma ƙurajen zafi ne ko fatarsa ce ba ta son wani abu likita zai faɗa miki. Maigidanki yana da hujja, kada ki yi musu da shi, ki nuna masa yadda za ki riƙa yi. Duk kayan da ya fito daga dila ba ya taɓa jikin yaro sai an jiƙa shi a ruwan zafi sosai da omo, wanda hannu ba ya iya zama a ciki, a wanke a ɗauraye sau biyu don wannan warin na dila ya fita, a shanya a rana tsakiya ya yini, sannan a bi shi da dutsen guga har cikin ɗinki don nan ƙwarƙwata ke ɓuya. Wanda ruwan zafi zai lalata irin su suwaita ki ɗaure shi a leda ki ajiye mako guda kafin wanki.

Kamfai da singileti da safa kuwa, don Allah ki saya musu sababbi, ba su da tsadar da za a ce sai gwanjo. Na yara kuma ki ɗauko da ɗan girma, kuma ki tafi da zaren da kika auna tsayin kowanne da ƙugunsa, don lambar Faransa daban ta Ingila daban ta Amurka daban, kuma mai gwanjo ba ya karɓar kaya in an dawo da shi.