Hukuncin karatun soshiyoloji ga ɗalibin da shakka ta fara taɓa shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a, ina karanta soshiyoloji, wato ilimin zamantakewar al'umma. Karatun lauya na nema ban samu ba, aka turo ni nan. Wani malami a unguwarmu ya ce mini wannan karatu haramun ne, domin waɗanda suka kafa shi ba su yarda da Allah ba, kuma duk albashin da zan ci da takardar haram ne. A zangon da ya wuce an koya mana cewa wai al'umma ce ta ƙirƙiro addini don ta haɗa kanta, ni ma haka na rubuta a jarrabawa don kada in faɗi. Tun daga nan maganar takan faɗo mini har a cikin sahu, kuma ban san amsarta ba, don rabona da islamiyya tun ina firamare. Shin na yi ridda da abin da na rubuta? In bar karatun ne?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, ba ka yi ridda ba. Mai hakaito maganar kafirci ba ya zama kafiri matuƙar bai yarda da ita ba, kuma a kan wannan babu saɓani. Karatun kansa halal ne, albashi kuwa yana bin irin aikin da aka yi, ba ya bin sunan takardar. Amma abin da ya tsaya mini a wasiƙarka jimla ce da ka sako kamar ba komai ba: ba ka san amsar maganar ba, kuma tun firamare ka bar islamiyya. Da wani ɗalibi ne ya yi wannan tambaya, wanda ya yi karatun zaure ya san aƙidarsa, da layi biyu sun ishe shi. Kai hukuncinka yana da sharaɗi, zan zo kansa.

Bari in fara da maganar malamin unguwarku, Allah Ya saka masa da alheri a kan kishinsa, domin ba shi kaɗai ke faɗin ta ba. Abin da ya faɗa game da magabatan fannin akwai gaskiya a ciki. Auguste Comte, Bafaranshen da ya raɗa wa fannin suna a ƙarshen shekarun 1830, yana ganin zamanin addini mataki ne na yarinta da ɗan Adam zai wuce, daga baya ma ya ƙago wani abu ya kira shi addinin ɗan Adam. Karl Marx ya kira addini banjun talakawa a 1844. Emile Durkheim, wanda maganarsa ce ke damun ka, ya ce a littafinsa na 1912 abin da mutane ke bauta wa a ƙarshe al'ummarsu ce. Duk wannan ɓata ne. Sai dai daga nan zuwa cewa fannin duka haramun ne akwai tafiya mai nisa, kuma hujjojin da ake kawowa ba su kai mu can ba.

Ba a hukunta ilimi da addinin wanda ya fara rubuta shi. Da haka ake yi, da likitanci da lissafi sun fita daga hannunmu tuni. Abin da ake dubawa shi ne maganar kanta. Mafi yawan abin da za ka karanta a shekara huɗun nan bai taɓa aƙida ba ko kaɗan: ƙididdiga, hanyoyin bincike, ƙidayar jama'a da ƙaura, dalilan aikata laifi, sha'anin iyali, rayuwar birni da ta karkara. Wanda ya binciko dalilin yawan mutuwar aure a garinsa, ko abin da ke jefa samari shaye-shaye, ko yadda yaro ke tashi daga tsangaya ya koma zaman tasha, ya yi wa Musulmi aiki, kuma irin wannan yana shiga farali na kifaya. Ibnu Khaldun, alƙalin Malikiyya da ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377 a kan abin da ya kira ilimin umran, yadda jama'a ke haɗuwa su kafa daula da yadda jin daɗi ke cinye ta. Ban ce abin da ake koya muku nasa ne ba, don manhajarku daga Turai ta taso, amma ya isa shaida cewa nazarin al'umma ba baƙo ba ne a gidanmu.

Babbar hujjar masu haramta fannin ita ce hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito daga Jabir, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi fushi da ya ga Umar da wata takarda ta Ma'abota Littafi. A isnadinsa akwai Mujalid ɗan Sa'id, wanda malaman hadisi suka yi magana a kansa, ko da yake wasu sun ƙarfafa shi da wasu hanyoyi. Mu ɗauka ya inganta. Lafazinsa ya nuna abin da aka hana: neman shiriya a wajen wasu alhali an zo mana da ita fara tas. Shi dai wannan Annabin ne ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, kuma Huzaifa yana tambayarsa game da sharri don gudun kada ya riske shi, bai hana shi ba. Saboda haka Hafiz Ibnu Hajar ya rarrabe a Fathul Bari: wanda bai kafu a imani ba kada ya duba irin waɗannan littattafai, wanda ya kafu kuwa ya halatta gare shi, musamman idan ana bukatar raddi. Ka ga hukuncin ya koma kan mai karatun.

Irin wannan gardama an sha yin ta a kan manɗiƙ, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja. Ibnus Salah da Nawawi sun haramta shi, Suyuɗi ya bi su, Shehu Magili kuwa, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya mayar wa Suyuɗi martani cikin baitoci yana kare shi. Shehu Abdurrahman Ahalari ya taƙaita saɓanin a Sullam, littafinsa na manɗiƙ, ya ce zance ingantacce shi ne halascinsa ga mai cikakkiyar basira wanda ya saba da Sunna da Littafi. Shi kuma Gazali ya yi gargaɗi a kan mutum biyu: wanda ya ga ƙwarewar masana falsafa a lissafi sai ya haɗiye kafircinsu tare da shi, da kuma jahilin masoyin addini wanda ke ƙaryata duk abin da suka zo da shi, har masu hankali su zaci Musulunci a kan jahilci aka gina shi. Fatawar haramci kai tsaye tana jefa mu cikin na biyun. Tana kuma da wata illa da masu ita ba sa hangowa: idan yaran kirki duka suka fice daga fannin, wasu ne za su riƙa rubuta rahoto a kan aurenmu da almajirancinmu, kuma da rahoton nasu za a tsara mana doka.

Ayar Nisa'i ta 140 kuwa, mai hana zama da masu izgili da ayoyin Allah, tana kan izgili ne. Malamin da ya ce ga abin da wane ya faɗa bai yi izgili ba. In kuwa ya wuce nan ya shiga ba'a da Alƙur'ani ko da Manzo, sai ka yi magana cikin ladabi in za ka iya, ko ka fita har ya shiga wani zance kamar yadda ayar ta ce, ku kai ƙara wajen shugaban sashe a rubuce. Ban da hayaniya a aji.

Yanzu kai. Abin da ke faɗo maka a sahu, in kana ƙin sa kana jin nauyinsa, waswasi ne, kuma sahabbai sun kai irin wannan kuka aka ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Ka nemi tsari ka ci gaba da sallarka. Sai dai rashin sanin amsa ba ya warkewa da neman tsari kaɗai. Shubuha da ta shiga ta ƙofar karatu, da karatu ake fitar da ita, kuma shi wannan Ahalarin da na ambata, farkon abin da ya buɗe littafinsa na ibada da shi shi ne cewa abu na farko da ya wajaba a kan baligi gyara imaninsa. Don haka koyon aƙida yanzu farali ne na aini a kanka, kuma shi ne sharaɗin zamanka a wannan sashe. Ka sami malami tsayayye, ido da ido, ba ta waya ba, ka ɗauki babin aƙida na farkon Risala ko Usulud Din na Shehu Usmanu, ka haɗa da sira, aƙalla zama biyu a mako. Ka riƙa kai masa shubuhar da sunanta, kada kunya ta hana ka. In malamin ya san karatun boko ya fi, don zai gane inda maganar ta dosa.

Ita kanta maganar Durkheim ba ta kai girman da ta yi maka ba. Ya haɗa abu biyu ne ya sayar da su a kuɗi ɗaya. Na farko lura ce, cewa ibada tare tana haɗa zukata. Wannan gaskiya ne, kuma Alƙur'ani ya riga shi: a Ankabut aya ta 25 Annabi Ibrahim ya ce wa mutanensa sun riƙi gumaka ne don soyayyar da ke tsakaninsu a rayuwar duniya. Na biyu da'awa ce, cewa tunda addini yana haɗa mutane, to mutane ne suka ƙago shi. Wannan bai auna shi ba, kuma ba shi da abin auna shi. Mudu gero yake aunawa, ba ya auna zazzaɓi. Amfanin abu ga jama'a ba ya nuna daga ina ya fito. Ya gina littafin ne kan rahotannin wasu game da ƙabilun Ostareliya da bai taɓa zuwa wajensu ba, sannan ya shimfiɗa hukuncin kan kowane addini. Kuma in al'umma kanta take bauta wa, me ya sa annabawa suka zo suna rushe abin da al'ummarsu ke taƙama da shi, har Ƙuraishawa suka ƙaurace wa Banu Hashim kusan shekara uku? Marx ma haka. Ana samun masu mulki da ke lallaɓa talaka da sunan addini, ba mu musa ba, amma a nan ƙasar malami ne, Shehu Usmanu, ya lissafa zaluncin sarakuna irin su jangali da karɓar gaisuwa a Kitabul Farƙ, kuma da addini aka tashi a 1804.

Game da jarrabawa, ka kiyaye lafazinka. Kowace magana ka jingina ta ga mai ita: a ganin wane, wane ya yi da'awar kaza. Kada ka rubuta da bakinka cewa ka yarda ko haka abin yake. Abin da ya wuce, in ka rubuta ba tare da jinginawa ba alhali zuciyarka tana ƙi, yanayin tambayar ya nuna hakaitowa kake yi, ka yi istigfari ka wuce. Kada kuma ka mayar da takardar amsa wajen wa'azi, za ka rasa maki a banza. In an ce ka tattauna ko ka yi suka, kawo sukar daga cikin fannin: Evans-Pritchard, Baturen Ingila masanin al'adun al'ummu, ya soki bayanin Durkheim a 1965, Peter Berger kuma, masanin soshiyoloji wanda ya daɗe yana cewa ci gaban zamani zai kawar da addini, ya fito a shekarun 1990 ya ce hasashen bai tabbata ba. Ka sami maki, ka kuma faɗi gaskiya.

Akwai wata ƙa'ida da za ta fi waɗannan shigarka a hankali, wato cewa mai bincike ba ya yanke hukunci a kan al'adar da yake nazari. A matsayin ladabin aiki babu laifi, don shaida ma ana so ya faɗi abin da ya gani ne. Haɗarin yana zuwa ranar da ta bi ka gida, ka fara cewa kowa da gaskiyarsa, hijabi da gado duk al'ada ce. In ka ji harshenka ya fara haka, koma wajen malaminka a makon.

Ba ka tambaye ni a kan kundin kammala digiri ba, amma a nan na fi jin tsoron zunubi gare ku. Ɗalibi ya buga takardar tambayoyi ɗari biyu, ya raba talatin, sauran ya zauna a ɗaki ya cike da biro kala-kala. Wannan ƙarya ce da algus, kuma alkaluman na iya shiga wani rahoto a gina shawara a kansu. Sayen kundi ma haka. Abin da mutum ya gaya maka a hira amana ne, ka sanar da shi abin da za ka yi da maganar, kada ka ɗauki muryarsa a ɓoye, kada sunansa ya fito. In binciken ya shafi matan aure, nemi izinin mai unguwa da na maigida, ka tafi da ɗaliba ta shiga ta yi tambayoyin. In a kan bori ne ko bokaye, tambaya da rubutawa sun halatta, amma ba ka bayar da abin yanka, ba ka sa a duba maka don wai ka ga yadda ake yi. Cakuɗuwa da mata da lakcar da ke cin lokacin salla hukuncinsu sananne ne, kuma bai keɓanta da sashenku ba.

Kada ka bar karatu a kan wannan fatawa ko waccan ba tare da iyayenka sun sani ba. Ka ba kanka zango ɗaya cikakke kana haɗa lakca da karatun aƙida. In zuciya ta natsu, ci gaba, ka kuma ƙware, domin ma'aikatun jin daɗin jama'a da gidajen gyaran hali da hukumar ƙidaya suna bukatar mai tsoron Allah da ya san aikinsa. In kuwa bayan haka shakkar ƙaruwa take yi, har ta fara taɓa sallarka, to canza sashe ya wajaba a kanka ko da zai ci maka shekara, sai ka je ofishin tsangayarku tun yanzu ka ji ƙa'idar canjin da lokacin da ake buɗe shi. Ka rubuto mini bayan zangon in ji inda aka kwana.

Wallahu a'alam.